Orlena Stidham da Baitin Gargaɗi

Shekara ashirin da shida na yi ina raba wasiƙu a kwarin Hackberry, can cikin duwatsun gabashin jihar Kentucky ta Amurka, kuma ban taɓa buɗe ambulan ɗin kowa ba. Na faɗi wannan tun da wuri ne saboda an daɗe ana cewa Twila mai wasiƙa ta cika son jin ƙwaƙwaf. Ban musa ba, ina da shi. Amma in dai maganar tambaya ce, ni 'yar koyo ce a gaban Goggo Orlena Stidham.

Ba goggona ba ce ta jini, haka dai duk kwarin muke kiranta, har da waɗanda suka girme ta. Doguwa ce siririya mai manyan hannuwa, ba ta iya tafiya a hankali ba. Ubanta mahaƙin kwal ne, mijinta ma haka, kuma ƙurar ramin ce ta cinye huhun su biyun. 'Ya'yanta biyu suka girma suka tafi Ohio neman aiki, suka bar ta da gida mai ɗaki uku da lambun da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Shekara talatin tana dafa wa 'yan firamare abincin rana. Duk wanda ya yi karatu a kwarin nan ya ci waken Orlena, ya kuma sha faɗanta.

Amma ba da girki aka san ta ba, da waƙa aka san ta, ita da Hargis Whitaker. Ita ke tsara kalmomi, shi ke nemo musu kari ya kaɗa a banjo ɗinsa, wani irin molo mai tsirkiya biyar. Hargis gajere ne mai tumbi, yana kiwon zuma, bai taɓa aure ba, kuma in ka gaishe shi sai ka yi nisa kafin amsar ta iso. Sun yi 'yan waƙoƙin rawa da na soyayya, amma abin da ya fito da su shi ne waƙar abin da ya faru, irin wadda kakanninmu suke yi tun kafin jarida ta san hanyar nan. In rami ya rufta, ko mota ta faɗa kwazazzabo, ko wani ya harbe maƙwabcinsa a kan iyakar gona, mutane sukan ce, bari mu ji yadda Orlena za ta faɗa. Suna rerawa a taron dangi, da ranar gyaran kaburbura, da wani ƙaramin gidan rediyo na cikin gari da ke ba su rabin awa a Asabar ɗin farkon wata. Muryarta siririya ce mai kaifi, ana jin ta daga tsallaken rafi, tasa kuma tana bin ta daga ƙasa.

An yi ta raɗe-raɗin za su yi aure. Duk wanda ya zauna da su minti goma ya daina wannan magana. Sau ɗaya tak suka gwada tsara waƙa a tebur ɗaya, aka ce ta jefe shi da ludayi, shi kuma ya yi wata biyu bai taka ƙofarta ba. Daga nan suka koma aiki ta wasiƙa, kuma a nan na shigo labarin.

Ga yadda suke yi. Orlena ta rubuta baitukanta da fensir, ta sa a ambulan, ta manna kan sarki. Ni in ɗauka in kai gidan waya a buga hatimi, washegari in kai wa Hargis, alhali kuwa kullum ina wucewa ta ƙofarsa minti ashirin bayan na bar tata. Na taɓa ce mata, “Goggo, ki bar kan sarkin nan, in miƙa masa kawai mana.”

Ta ce, “Ke dai yi aikin da gwamnati ta sa ki. Kalmar da ba ta kwana ba ɗanya ce.”

In Hargis ya samo kari, sai ya mayar mata da ambulan babu komai a ciki, ranar Asabar ya zo da banjo. In bai samu ba, ya mayar da takardar yadda take, ko uffan ba ya ƙarawa. Saboda haka ni ce farkon mai sanin labari, daga nauyin ambulan a hannuna. In na ji takarda a ciki, nakan jefa shi a akwatinta in taka mota kafin ta fito.

Ranar Asabar kuwa, in aka yi sa'a ina da ƙunshin da zan kai mata, nakan tarar da su a baranda.

“Tsohon banza, wannan kari ne ko kukan ƙyauren da ba a sa wa mai ba?”

“Ke kika cusa kalma goma sha ɗaya a gurbin takwas. Ni ba tela ba ne da zan ƙara wa riga faɗi.”

“Yatsunka ne suka tsufa.”

“Bakinki ne ya ƙi tsufa, shi ne masifar kwarin nan.”

Haka za su yi ta yi har rana ta karkata, sai ka ji sun yi shiru, sun rera abin daga farko zuwa ƙarshe kamar ba su ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda take tattara labari. In mutum ya mutu, takan bari a yi sati biyu, sannan ta gasa burodin masara ta shiga gida-gida. Wace riga ya sa? Wa ya yi masa ganin ƙarshe? Da aka ɗauko shi, hularsa tana ina? Ta tambayi ɗan sanda, ta tambayi mai kanti, ta tambayi wanda ya haƙa kabari. Wata rana na gaji na ce, “Wai Goggo, me launin riga zai ƙara wa waƙa?”

Ta ce, “Twila, in na ce ya mutu, wa bai sani ba? Uwarsa ba mutuwar take saurara ba, rigar take jira. In na ce shuɗiya alhali ja ce, to ba ɗanta nake wa waƙa ba, wani ne daban.”

Aikin yana da dokoki biyu, kuma ba su suka kafa su ba, gado suka tarar. Ta farko, baitin ƙarshe gargaɗi ne. Bayan an ba da labari, sai a juya ga masu rai a ce ku kiyayi giya, ko ku kiyayi fushi, ko ku tuba tun da sauran lokaci. Ta biyu, ba a fitar da waƙar mamaci sai an je barandar gidansu an rera wa matarsa ko uwarsa. Ita ba a yi mata tambaya ko ɗaya, wannan rashin kunya ne, a tambayi kowa ban da ita. Ƙararriyar waƙa ake kai mata. In ta amince, waƙa ta rayu. In ta ce a'a, a binne ta, kuma ba mai sake rera ta har abada. Orlena tana alfahari da cewa waƙa arba'in da uku ta kai baranda, ba a binne mata ko ɗaya ba.

Sai ga mutuwar Estill Holbrook, a watan Agusta na 1974.

Estill yana aiki a injin yankan katako, shekararsa arba'in da ɗaya. Ranar wata Talata aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wajen ƙarfe uku ya fito a akori-kurarsa, ya nufi 'yar gadar siminti da ke ƙasan gidansa, wadda ruwa ke bi ta kanta in rafi ya kawo. Ruwa ya ɗauke motar. Washegari aka same shi mil biyu daga wurin.

Orlena ta gasa burodinta ta fita tambaya, amma wannan karon kullum na gan ta, girarta a haɗe take. Ta tsayar da ni a bakin akwatinta ta ce, “Akwai abin da bai zauna ba. Mutumin nan kullum sai ya duba tayoyinsa huɗu kafin ya tada mota. Abokan aikinsa sun ce ya sha isowa gadar nan ya juya, har suna masa dariya. Bai sha komai ba, ɗan sanda ya tabbatar mini. Ba wanda ya kira shi, ba wanda yake jiransa. To ina za shi?”

Na ce, “Ki tambayi Delphia mana, matarsa ce.”

Ta dube ni kamar na zagi uwarta. “Ba a yi.”

Ta ƙara sati biyu tana zagaye, ba ta samo komai ba. Daga ƙarshe ta rubuta cewa ya fita ba wanda ya san dalili. Da ta zo baitin gargaɗi kuwa, me za a gargaɗi mutane da shi game da wanda ya shiga rafin da ya kawo, in ba ganganci ba? Ta rufe da shi, na ɗauki ambulan.

Kwana biyu ambulan ya dawo fayau, Hargis bai taɓa sauri haka ba. Ranar Asabar ya zo ya sassauta tsirkiyoyinsa ƙasa da yadda ya saba, ya kaɗa wani kari da ban taɓa jin irinsa ba. Ni ba mai saurin kuka ba ce, amma ranar sai da na shiga mota na share ido. Orlena ba ta zage shi ba ko sau ɗaya, abin da ya tsorata shi har ya tambaye ta ko ba ta da lafiya. Da ta rako ni ta ce a hankali, “Shekarata sittin da takwas, Twila. Duk sauran waƙoƙin nan koyo nake yi. In na mutu, da wannan za a tuna ni.”

Wata Lahadi da yamma a watan Oktoba na ɗauke su a motata zuwa gidan Holbrook, don Hargis ba ya tuƙi da banjo a mota, wai girgiza tana ɓata masa sauti in ba a cinyarsa yake ba. Delphia 'yar ƙaramar mace ce mai shiru, tana ɗinki a masana'antar riguna, 'yarsu ɗaya ta yi aure a wata jiha. Ta ba mu gahawa, ta zauna a kujera mai lilo, ta haɗa hannuwa a cinya. Ni na zauna a matakala.

Suka fara. Baiti goma sha ɗaya Delphia tana gyaɗa kai. Da aka zo kan hularsa da aka tsinta rataye a reshen bishiya, ta rufe ido, amma ba ta daina gyaɗawa ba. Sai Orlena ta ɗaga murya ta shiga na ƙarshe:

Samarin kwari ku ji gargaɗi,
Ruwa ba abokin wasa ba ne,
In rafi ya kawo ku dakata,
Gangancin Estill ajalinsa ne.

Sai muryar Delphia ta katse su. “Tsaya.”

Hargis ya dafe tsirkiyoyi da tafin hannu.

Delphia ta ce, “Goggo, komai daidai ne, har rigar. Amma Estill bai taɓa ganganci ba tun da uwarsa ta haife shi.”

Orlena ta sunkuyo, na ga tambaya tana cin bakinta, doka kuma ta hana. Ba ta ma buƙaci yi ba.

“Wake kwando uku na tsinko ranar. Na gyara, na jera kwalaben da zan adana shi a ciki, ruwa yana tafasa, sai na duba na ga murafen kwalba sun ƙare. Na ce masa ya je kanti. Ya leƙa waje ya ce, Delphia, rafi ya kawo, bari sai gobe. Na ce gobe wake ya lalace. Ya ce haba, wake ne fa. Ni kuwa na gaji, zafin murhu ya ishe ni, sai na ce masa mazan ƙwarai sun ƙare, ni aka bar wa matsoraci.” Ta gyara zaman kofin da ke gabanta. “Bai ce mini komai ba. Hularsa ya ɗauka.”

Ni dai na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan takalmina.

Delphia ta ci gaba, muryarta ba ta ko rawa. “Ki gyara baitin nan. Ba samari za ki gargaɗa ba, mata za ki gargaɗa. Ki sa murafen, ki sa abin da na ce masa, ki sa sunana. In kin yi haka ku rera ta ko'ina. In ba haka ba, ku binne ta.”

A hanyar komawa ba su yi faɗa ba, karo na farko a sanina. Da muka sauke Hargis, haƙurina ya ƙare na ce, “Goggo, ki cire baitin ƙarshen gaba ɗaya mana, kowa ya huta.”

“Waƙar mutuwa babu gargaɗi gulma ce da kiɗa. Kuma kwarin nan kaf za su ce me aka ɓoye, irinku su fara tono. Zaɓi biyu yarinyar nan ta ba ni, ba uku ba.”

“To wanne za ki ɗauka?”

“Ki kalli hanya kar ki jefa mu a rafi mu ma.”

Sati uku akwatinta babu ambulan. Mutane suka fara tambayata ko waƙar Estill ta fito, don an san Orlena ta yi zagayen burodinta. Nakan ce ni wasiƙa nake rabawa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ban taɓa sanin nauyin wannan magana ba sai a makonnin nan. Ita kuma Orlena in na tsaya sai ta jefo mini tambaya ta taga. In mutum ya roƙi a doke shi, wanda ya doke shin yana da laifi? In gaskiya ce kuma mai ita ta yarda, me ya rage? Ba amsata take jira ba, kafin in buɗe baki ta juya.

Rannan na buɗe akwati na tarar da ambulan. Ba zan yi ƙarya ba, a shekara ashirin da shidan nan ba a taɓa jarraba ni kamar ranar ba. Na ajiye shi a kujerar gefe, na mayar da shi jaka, na sake fito da shi. Na tsaya a gindin wata bishiya na ɗaga shi sama wajen rana, sai na ga ta naɗe takardar da wata takarda. Ta san ni sarai. Kunya ta kama ni ni kaɗai a cikin daji, na kai shi gidan waya aka buga hatimi.

Ya dawo babu komai a ciki. Hargis ya karɓa ke nan.

Ranar Asabar na ƙirƙiro dalili na je. Na tarar da shi zaune da banjo a cinya bai taɓa shi ba.

Ya ce, “Orlena, ban taɓa yabonki ba, ba kuma da tsufa zan fara ba. Amma baitin nan ya hau kiɗan kamar tare aka haife su.”

“Akwai ƙarya a ciki?”

“Ko ɗaya.”

“To me ya sa ka zo mini da fuska kamar an kwashe maka zuma?”

Ya ce, “Yara nake tunani. Kin san waƙarmu ba ta tsayawa inda muka ajiye ta. Wadda muka yi wa masu faɗan iyakar gona, shekara ashirin ke nan, jiya na ji 'yan mata suna tsallen igiya da ita. Jikan wanda ya yi harbin yana ajinsu.” Ya shafa fatar banjo. “Kiɗan nan ya yi daɗi da yawa, shi ne matsalar. Da mummuna ne da an manta. Amma kalmomi naki ne. In kika buɗe baki zan bi ki.”

“Ka zo ka jibga mini ka ce kalmomi nawa ne. Ragon banza.”

“Na ji. Rago ne ni.”

Washegari da yamma muka koma barandar. Delphia ta sa rigar zuwa coci, ta gyara gashi, kamar mai jiran hukunci a kotu. Hargis ya ɗaura sauti, ya kaɗa mabuɗi, ya zo daidai inda Orlena take shiga. Ba ta shiga ba. Ya zagayo ya sake kawo mata. Ta ja numfashi, na ga ƙirjinta ya ɗaga, sai ta sauke shi.

Ta ce, “Ajiye, Hargis.” Sannan ta dubi Delphia. “'Yar nan, na karya doka yau, zan yi miki tambaya. Me kike so waƙar nan ta yi miki?”

Delphia ta ce, “Kullum ana kawo mini abinci. A coci a riƙe mini hannu ana cewa Allah sarki, baiwar Allah. Ba ya wuce mini maƙogwaro, Goggo. So nake su san wa suke tausayi. So nake a daina ce masa mai ganganci.”

“Ba wanda zai ji haka daga bakina, wannan na yi miki alkawari. Baitin da kika ce na rubuta shi. Yana nan a aljihuna, kowace kalma gaskiya ce, kuma ban taɓa rubuta wanda ya kai shi ba. Ba zan rera ba.”

“Ke da kike cika baki ba ki taɓa ƙarya a waƙa ba?”

“Ba ƙarya zan yi ba, shiru zan yi.”

“Mijina ne! Haƙƙina ne!”

“Haƙƙinki ne ki hana ni. Ba haƙƙinki ba ne ki buɗe mini baki. Ke yau kike ji, ni kuwa na san abin da na ƙera. Wata uku za ki ji sanyi a ranki. Daga nan ki shekara arba'in kina jin sunanki a bakin yaran da ba a haifa ba tukuna, jikokinki suna ji. Kin faɗi magana ɗaya a gaban murhu cikin gajiya, wadda kowace mace a kwarin nan ta faɗi irinta, ni ma na faɗa wa nawa abin da ya fi ta muni. Nawa dai rafi bai kawo ba ranar.” Ta gyara murya. “In kina so in rera miki ke kaɗai, a nan, sau ɗaya, zan yi. Amma ba za ta sauka daga barandar nan ba.”

Delphia ta miƙe. “Ni ai na sani. Ba ni ke buƙatar ji ba.” Ta shiga gida ta rufe ƙofa, muka ji ta sa sakata.

Haka aka binne waƙar Estill Holbrook. Ba matar mamaci ce ta binne ta ba, mai waƙar ce da kanta, abin da ba a taɓa yi ba a kwarin.

Sai surutu ya tashi. Wasu suka ce Delphia ce ta ƙi waƙar don ba ta yi kyau ba. Mai gabatar da shiri a rediyo ya tsokane ta a gaban jama'a, ya ce Goggo, ina ta Estill, ko fensir ya ƙare ne? Matar da ba a taɓa taka ta ta yi shiru ba ta ce, “Ta fi ƙarfina, ɗana. Tsufa ya zo.” Ina jin haka a mota na kashe rediyon don takaici. Na ji haushin kwarin gaba ɗaya, na ji haushin Delphia, har Orlena na ji haushinta, don ni na ji waƙar da kunnena, na san abin da aka rasa.

Sun ƙara yin waƙoƙi shida ko bakwai, kuma gaskiya babu wadda ta kama ƙafar waccan. Hargis bai sake kaɗa karin ba. Wani mawaƙi daga gari ya taɓa jin labarinsa ya roƙe shi ya ba shi ya sa wasu kalmomi, Hargis ya ce ya manta. Delphia kuwa ba ta ƙara gaida Orlena ba. In sun haɗu a coci takan sauya layi, kuma da Orlena ta rasu bayan shekara tara, ba ta zo jana'iza ba. Ban san ko ta taɓa yafe mata ba. Na so in tambaye ta, sau da yawa ina tsaye a bakin akwatinta da tambayar a bakina, ban iya ba.

Orlena dai na tambaye ta, tana kwance a ciwonta na ƙarshe. Na ce, “Goggo, don Allah, baitin nan, ko layi ɗaya.” Ta buɗe ido ɗaya ta ce, “Ke dai ba za ki mutu da daɗi ba, Twila,” ta juya wa bango fuska. Da 'ya'yanta suka zo kwashe kaya na taya su, na duba kowace aljihu da kowane littafi, ban ga takardar ba.

Yanzu dukansu sun riga mu gidan gaskiya, 'yar Delphia ma haka, shi ya sa na iya buɗe baki, kuma labarin da ba shi da kiɗa ba ya shiga wasan yara. A cikin mutanen da suka yi mutuwar haɗari a kwarinmu a zamanin Orlena, Estill kaɗai ne ba shi da waƙa, yau in ka tambayi matasa ba su san an yi shi ba. Delphia ta ƙara shekara ashirin da biyu a gidan nan. Duk watan Agusta takan shiga kanti ta sayi murafen kwalba, ta tsaya a layi da sauran mata, ta biya ta fita. Na sha tsayawa a bayanta, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɗago kai ya dube ta ba.